Attaruhu a Gefen Dankali

Baƙin dankalin da Saturnina ta gada wurin mahaifiyarta bai taɓa sanin cuta ba. Ko shekarar da ganyen gonakin ƙauyen ya yi dabbare-dabbare ya nannaɗe, nata kore shar. Ta kuwa cika baki, har a ƙofar coci.

Bana sai ga nata ya kwanta. Abin da ta haƙa ƙanana ne kamar ƙwan tsuntsu, ko na iri babu.

Wilber, ɗan ƙanenta mai aiki a tashar binciken noma, ya kwashi ganye ya tafi birni. Da ya dawo ko kallon dankalin bai yi ba, sai ya tsaya kan attaruhun da ta dasa a gefen gona.

"Gwaggo, ga ɓarawonki."

"Attaruhun? Kai, karatu ya taɓa maka kai ne?"

"Cutar nan ta daɗe tana ƙwanƙwasa ƙofar dankalinki, ba ta samu shiga ba. Sai ƙwarin darɓa masu tsotsar ganye suka kai ta jikin attaruhu. Can ta zauna ta hayayyafa, jikokinta suka fito da wani hali dabam. Su suka shiga."

"To, ba shi magani mana."

"Babu. Sai iri mai lafiya daga saman dutse, inda sanyi ke korar darɓa."

Saman dutse kuwa mutum ɗaya ke da wannan irin: yayarta Eulogia. Rabonsu da magana tun rabon gado, da Saturnina ta kama gonar kwari ta bar mata sanyi da duwatsu.

Saturnina ta ƙulla ganyen koka, wanda mutanen dutse ke taunawa, don ba a roƙon iri hannu rabbana. Ta kama hawa, kunya ta fi hawan nauyi.

Eulogia ta dube ta sama da ƙasa. "Sarauniyar kwari! Ɓatan hanya kika yi?"

"Yaya, dankalin Inna ya mutu a hannuna."

Eulogia ta karɓi kokar, ta tauna ba gaggawa. Sannan ta shiga ɗakin ajiya, ta ɗage busasshiyar ciyawa daga kan wata 'yar tsiba da ke ware a lungu, ta juye mata a zane. Manya-manya, baƙaƙe wuluk, idanunsu sun fara tsiro.

Godiya ta cika Saturnina. Ta durƙusa, ta riƙe hannuwan yayarta da sanyi ya farfasa, tana kuka tana sa mata albarka.

"Tashi, kada ki jiƙa iri," in ji Eulogia. "Ai naki ne. Duk shekara sai na ware miki. Ke ce ba kya zuwa."