Dami Dubun Malam Inusa

Audi mai gangar noma bai taɓa ƙirga damin kowa ba. Mutum zai sa gayya, ya aika masa da goro, shi kuwa ya rataya gangarsa ya tsaya gefen gona ya ce mutumin nan dami dubu yake ɗaurewa duk kaka. Kowa a Mairuwa ya san haka waƙar noma take. Wanda ake yi wa ya san zuƙi ne, maƙwabcinsa ya sani, matarsa mai auna hatsin tuwo ta fi kowa sani. Sai a yi dariya, samari su ƙara duƙawa kan fartanya, a gama gona kafin azahar.

A zamanin kaset Audi ya ɗan ci duniya. Wani ɗan kasuwa a Funtuwa yakan ɗauki muryarsa, ya sallame shi, ya ba shi kwalin kaset guda ya raba wa abokan arziki. Da kaset ya mutu sai gayyar ma ta bi shi, don ba mai tara mutum hamsin a gonar nesa yanzu, mutanen daji masu garkuwa da mutane su zo su kwashe su a tashi ɗaya. Shekara wajen goma gangar na rataye a zaure, gizo-gizo ya yi gida a cikin igiyoyinta.

Ana nan sai ga Salihu, wani mai sitidiyo a Funtuwa, ya zo har gida da tsohon kaset ɗin Audi a hannu. Ya ce, "Baba, kayan gargajiya ne ke tafiya yanzu a intanet. Ka zo mu ɗauki waƙa ɗaya, in sa mata fiyano a ƙasa, ka ga abin mamaki."

Audi ya je. Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da katifa, aka toshe masa kunnuwa da wani abu, aka ce ya yi waƙa. To, wa zai yi wa? Ba wanda ya aiko da goro. Sai ya tuna da amininsa Malam Inusa na Mabai, wanda tun suna samari suke tare, wanda shekarar da tsutsa ta cinye masarar Audi ya ɗoro buhu biyu a kan jaki ya kawo masa, bai ko tsaya an yi masa godiya ba. Audi ya ce a ransa, yau zan saka wa bawan Allahn nan. Ya gyara murya:

"Inusa na Mabai, gidan da ke bakin fadama,
Dami dubu ka ɗaure, rumbu goma sun yi kaɗan,
Shanu ɗari a garke, ba ka san wadda ta haihu ba."

Alhali kuwa rumbun Malam Inusa biyu ne, ɗaya ma ya tsage. Shanunsa kuma na huɗa ne guda biyu, sai jakin nan.

Kai, waƙa ta karɓu! Wata biyu ba a yi ba, ka shiga tashar Ƙanƙara ita ce, ka hau bayan ɗan acaɓa a Sabuwa ita ce, 'yan mata na ɗaura kallabi suna taka rawarta a waya. Abin da ya shiga aljihun Audi shi ne ɗan abin da Salihu ya damƙa masa ranar ɗauka, da wata ƙaramar waya mai tocila. Amma bai damu ba. Tsohon nan sai da ya koma sa babbar riga in zai je sayen goro, don kawai a nuna shi a ce ga mai waƙar nan.

Wata safiya yana zaure yana ɗinke fatar ganga, ɗan acaɓa ya sauke Malam Inusa. Audi ya miƙe da murna zai fara tsokanarsa, ya ga fuskar ba ta wasa ba ce. Aka kawo ruwa, bai taɓa ba.

"Audi, ka kashe ni."

"Subhanallahi! Da mi?"

"Shekaranjiya wasu mutum biyu bisa babur sun tsaya wurin mai shayi, suna tambayar ina ne gidan Inusa mai dami dubu. Ba wanda ya san su. Jiya sun dawo, sun zagaya ta fadama." Ya riƙe hannun Audi. "Don Allah, don Annabi, ka cire sunana daga waƙar nan. Ban roƙe ka ba, ban aike ka ba. Ka cire ni."

Kunya da tsoro suka haɗu suka danne Audi. Ya ce, "Yau ɗin nan za a cire. Koma gida, ka bar mani."

Ya isa Funtuwa kafin azahar. Salihu ya saurare shi har ƙarshe, ya dafe kai.

Audi ya ce, "Abin ai mai sauƙi ne. Na taɓa saɓa wa wani mai gari a kaset. Muka bi shaguna muka tattaro su, ɗari biyu da 'yan kai, aka ƙone a bayan kasuwa, magana ta mutu. A tattaro wagga ma."

"Baba, a tattaro ta daga ina?" Salihu ya juyo masa da fuskar kwamfuta. "Ga tawa, na goge, ka gani. To ga ta a shafin wani, ga ta a na wani, waɗannan ban san su ba, ban ba su ba. Kamfanin da na ba ya raba ta kuwa yana Legas, takarda zan rubuta masu, su amsa bayan sati uku in sun ga dama. Ko sun sauke, wadda ke cikin wayoyin mutane fa? Wallahi ni kaina ban ci abin kirki a waƙar nan ba, kowa kyauta yake kwasa."

"To mi ke abin yi?"

Suka sake ɗaukar wata, ba suna, ba gari, ba fadama. Inda Inusa yake aka sa "manomi". Salihu ya ɗora ta a ranar. Wa zai saurara? Mutane suka ce wannan ta bogi ce, a ba su ta asali.

Daga nan Audi ya shiga bin masu tura waƙa. Su ne masu zama ƙarƙashin lema a bakin kasuwa da kwamfuta a cinya, ka ba su memorin wayarka su cika maka da waƙoƙi da finafinai. Ya je Faskari, ya je Sabuwa, yana sauka daga wannan mota yana hawa waccan, tsoho da furfura yana durƙusa wa sa'o'in 'ya'yansa. Wasu suka goge don ganin girmansa. Wasu suka ce to, yana juya baya suka ci gaba. Wani ma hoto ya nemi su ɗauka tare.

A Ƙanƙara ranar kasuwa ya sami Abubakar Sadiq, wanda ya fi kowa ciniki a layin. Mutumin kirki ne, ya tashi ya ba shi kujerarsa, ya goge waƙar a gabansa. Audi na cikin sa masa albarka, sai ya ji muryarsa ta tashi a bayansa. Wasu masu sayar da albasa ne biyu suka kara wayoyinsu, ɗaya na tura wa ɗaya, ko sisi ba wanda ya biya.

Abubakar Sadiq ya matso ya rage murya. "Baba, in gaya maka gaskiya? Ka makara. Ka san can cikin daji ba sabis sosai, sai memori. Duk ranar kasuwa mutanen dajin sukan aiko mutum da guda goma, ashirin, a cika masu. Ba ma tambayar na waye, wa zai tambaya? Wata biyu ke nan taka ce ta farko da suke cewa a sa."

Sai yanzu Audi ya gane abin da ya yi. Da can waƙarsa a gona take tsayawa, cikin mutanen da suka san rumbun kowa. Yanzu ta isa kunnen wanda bai taɓa ganin Mabai da rana ba, an ba shi suna, an ba shi gari, an nuna masa gida.

Bai koma Mairuwa ba, ya zarce Mabai. Ya tarar da Malam Inusa a ƙofar gida yana gyara buhuna.

"An cire?"

"Ba ta ciruwa, Inusa. Na yi iya yina. Ka kwashi iyali ka taho wurina, ko ka shiga Funtuwa. Yau, ba gobe ba."

Malam Inusa ya nuna gona da haɓa. Masara ta bushe a tsaye, ta isa karya. "In bar wagga ga wa? In na tahi mi za mu ci? Kwana goma, in karye ta, sai mu taho." Bai yi faɗa ba, bai zage shi ba, har fura ya sa aka dama masa. Wannan ya fi yi wa Audi ciwo.

A kwana na shida, da hantsi, mutanen daji suka same shi a cikin masarar. Babura uku. Ba su taɓa kowa ba sai shi, suka tafi da shi.

Ramatu, matar Malam Inusa, ita ta aika a kira Audi. Ya same ta a tsakar gida bisa tabarma, mata sun kewaye ta, waya na gabanta a kan faifai. Ya yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Sun kira sau biyu. Kuɗin fansar da suka yanka, ko garin nan aka sayar da mutanensa bai kai ba. Na ce masu shanu biyu gare mu, sun ce in daina raina masu hankali, sun ji a waƙa. Malam Audi, kai ka faɗa. Kai za ka gaya masu ba haka ba ne. Sun ce za su kira bayan la'asar."

Ya zauna a kan turmi yana jira.

Da wayar ta yi ƙara, Ramatu ta danna ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta tura masa. Audi ya yi sallama, ya faɗi sunansa.

"Wane Audi? Mai gangar?" Muryar ta saurayi ce, kuma wallahi murna ce a cikinta. Aka ji yana kiran wasu. "Kai, ku zo, ga mai waƙar da kansa! Baba, sannu da aiki. Mu nan ba mu da mawaƙi sai kai."

"Ɗana, ka saurare ni don girman Allah. Abin da ke cikin waƙar nan ƙarya ne. Haka ake waƙar noma tun kakanni, wanda ya ɗaure hamsin a ce dubu. Mutumin nan talaka ne. Rumbunsa biyu, shanunsa biyu. Ku aiko a duba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

"Ashe kai maƙaryaci ne?"

"Ni maƙaryaci ne. Shekara arba'in ina yi."

Mata suka sunkuyar da kai. Saurayin ya yi dariya. "To, Baba, wace zan ɗauka? Wadda ka faɗa da ganga kana jin daɗi, duniya duk ta ji, ko wadda kake faɗa yanzu an zaunar da kai gaban matarsa? Ni dai ta farkon na yarda da ita. Kai, ɗan yi mana baitin shanun nan mu ji da bakinka."

"Ba zan iya ba."

"Ka yi, in ba ka shi ku gaisa."

Audi ya dubi Ramatu. Ta ɗaga masa kai, hawaye na zuba. Nan a tsakar gidan, gaban rumbun da ya tsage, ya buɗe baki ya yi shanu ɗari a garke, murya na karyewa, can a waya ana tafi ana ihu. Bai taɓa ƙin muryarsa ba sai ranar.

Aka yi 'yar hayaniya, sai ga Malam Inusa a wayar. Numfashinsa kawai ya isa ya gaya maka an dake shi.

"Audi."

"Inusa, ka yafe mani. Zan ci gaba da gaya masu, zan..."

"Bar rantsuwa haka nan, ba za su yarda ba." Ya yi tari. "Kada ka ga laifinsu a nan wurin. Ni da na san rumbuna, ranar da na fara jin ta a tasha sai da na tsaya na saurara har ƙarshe, na ji kamar gaskiya ne. Ka iya waƙa, Audi. Ka ce da Ramatu kada ta sayar da shanun, ba za su isa ba, kuma yara za su yi huɗa baɗi."

Wayar ta katse. Ramatu ta yi ta kira har magariba, a kashe.

Ta sayar da shanun duk da haka, da masarar, da jakin. Ba su isa ba. Wannan maganar ta waya ita ce ta ƙarshe da wani ya ji daga bakin Malam Inusa.