Shanun Cikin Takarda

Tun ranar da babur ya kayar da Jibo a hanyar Rogo Ruma, kansa ya bugi dutse, tuwo bai ƙara zama a cikin uwarsa Goggo Lami ba. Ciwon ya warke, an cire ɗinki. Amma Daudu, ƙanen mijinta marigayi, ya bi rugage yana cewa yaron ya taɓu, ba za a bar masa garke ba, gidan mari ne ya dace da shi. Goggo ta san gidan. Ta taɓa kai wa wani fura a can, ta ga yadda sarƙa ta cinye masa idon sawu.

Daudu ne ya ja Jibo zuwa wani asibiti a Ƙaraye, suka dawo da takarda mai hatimi. Wai an gwada natsuwarsa, ko matakin farko ya kasa. Ranar Asabar mota za ta zo ɗaukarsa.

Goggo ta sami Jibo yana ɗaure maruƙa. "Kai, me suka yi maka a can?"

"Takarda likitan ya ba ni, Inna. Ya ce tunda ban yi boko ba, ga mai hotuna. Shanu da awaki da jakuna a cakuɗe. Wai in ƙirga shanun da ƙarfi, shi yana duba agogo."

"Ka ƙirga?"

"Ni? In ƙirga shanu da bakina?"

A gidansu ba a yi. Saniya da sunanta da launinta ake saninta. Wanda ya ƙirga, sai su ce ya kira wa garke mutuwa. Daudu ya san haka sarai, yana zaune a wurin, ya yi gum.

Laraba da sassafe ta tasa Jibo a gaba har ɗakin likitan, wani saurayi mai suna Nuruddeen.

"Sannu da zuwa, Iya. Ina kwana? Ya gajiya?"

"Gajiya tana nan daram. Kai ne mai auna kawunan mutane? Ka taɓa kiwo?"

"A'a, Iya."

"Ko na kaza?"

Ta zazzage masa komai, har sarƙar, har motar Asabar. Likita ya cire tabarau ya goge, ya sake gogewa.

"Na ɗauka sauƙi na yi masa. Da ya yi shiru, na zaci ya kasa ne. Kuma ban rubuta hauka ba."

"A can wa ya iya karanta abin da ka rubuta? Hatimi suka gani. Sake gwajin!"

Ya ajiye waya a kan tebur. Ya ce za ta riƙa yin ƙara iri biyu, siririya da mai kauri. In Jibo ya ji siririyar ya bugi tebur, in mai kauri ce ya ƙyale. Minti goma, ba magana.

Sai a lokacin Goggo ta tuna abin da take ɓoyewa. Ita kaɗai ta san makon jiya ya bar maruƙa a sake sun tsotse nonon safe kaf. Ita kaɗai ta ga ya tsaya a bakin rijiya da guga a hannu, ya manta abin da ya kawo shi. Ba ta gaya wa kowa ba. Ga shi da ƙafarta ta kawo shi inda za a gani.

Waya ta fara. Jibo na bugawa daidai, ɗaya bayan ɗaya. Can sai hannun ya kwanta. Idonsa ya tafi taga. Siririya ta wuce. Wata ta wuce. Goggo ta buɗe baki za ta yi tari, likita ya ɗaga mata yatsa. Ta cusa bakin mayafi tsakanin haƙora. Ta uku ta wuce, alƙalami ya motsa a kan takarda. Sannan Jibo ya yi firgigit, hannun ya sauka, ya ci gaba har ƙarshe.

"Faɗi," in ji Goggo.

"Ba hauka ba ne, Iya. In ya daɗe a kan abu natsuwarsa tana yankewa. Bugun kai yana kawo haka, kuma sau da yawa tana dawowa a hankali. Ku dawo bayan wata guda."

"Rubuta cewa ba na ɗauri ba ne. Da Hausa. Ka buga hatimin nan sau biyu."

Ya rubuta, ya karanta mata, ta sa ya maimaita.

"Amma kada ya hau babur, kuma kada ya fita kiwo shi kaɗai. Akwai wanda zai riƙa binsa? Ko baffansa?"

Goggo ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zane. Ta dafa tebur ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara.

"Baffansa ya zauna inda yake. Ni zan bi shi."