Furen Takobin Surukata

A garinmu, Suwalki, duk mai lambu ya san furen takobi ba ya jure hunturu a cikin ƙasa. Kafin ƙasa ta daskare sai a tone albasarsa, a shanya, a zuba a tsohuwar safar mata, a rataye a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa har bazara. Ni ma na sani, irin sanin da mutum ke yi wa aikin da wasu ke yi yana zaune yana shan shayi.

Surukata Jadwiga ce mai furen. Ja ne har ya yi duhu, kuma irin daga uwarta ta gada, babu shi a kasuwa. Duk tsakiyar Agusta, ranar da ake kai furanni coci a sa musu albarka, ita ke shiga da dami mafi tsawo, tana takawa a hankali don sauran tsofaffi su gani da kyau.

A Oktoban bara ta zame a matakala ta karya ƙugu. Matata Danuta ta tare a asibiti wajenta. Da na je dubiya, tsohuwar ta yafito ni.

"Ludwik, matso."

"Ga ni, Mama."

"Kai za ka tone mini furena. Ka ga inda rayuwa ta kawo ni."

Na je na tone. Maƙwabcinmu na lambu, Teodor, ya jingina da shinge yana ba ni ƙwarin gwiwa.

"Maƙwabci, a hankali! Fure ne, ba kabari ba."

Na shanya su, na cika safa, na kai gida. Sai dai a bara aka sabunta bututun ɗumama gidan benenmu, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya koma kamar gidan burodi don zafi. Na tsaya na yi tunani, abin da Danuta ta sha roƙona in rage. Barandarmu tana da gilashi, can muke ajiye dankali da kwalaben kokwamba. Na rataye safar a bayan kabad, na lulluɓe da tsohon kwat, na yaba wa kaina.

A Janairu rediyo ta ce sanyi mai tsanani yana tafe. Danuta ta shigo da dankali, ni na shigo da kwalabe. Abin da ke bayan kabad kuwa, ita ba ta san da shi ba, ni da na sani na manta. Da na tuna, na matsa albasa ɗaya sai ta lotse a hannuna tana ruwa. Na matsa ta biyu. Ban ga amfanin matsa ta uku ba.

Lokacin an sallamo Mama, tana zaune wurinmu. Na kai mata safar kamar mai kai gawa. Ta duba, ta shinshina, ta miƙo mini.

"Zubar," ta ce, ta juya ga taga.

Ba ta ƙara cewa komai a kai ba. Tana cin miyar kabejinta, tana gode mini idan na miƙa gishiri. Ban taɓa jin godiya mai nauyi irin wannan ba.

A Mayu ta ce a kai ta lambu, tunda wurin ya zama fili a shuka karas. Na zaunar da ita kan kujera, na durƙusa ina cire ciyawa. Na kai hannu kan wasu siraran ganye masu tsini, sai sandar da Mama ke dogarawa ta sauka a wuyan hannuna.

"Tsaya! Tono ɗaya da yatsa."

Na tono. A gindinsa akwai wata 'yar ƙwaya kamar wake. Ashe 'ya'yan da ke manne da uwar albasa ne, suka kakkaɓe a ƙasa saboda irin tonon da na yi.

"A ƙasa suka yi hunturun nan?" na ce.

Teodor ya leƙo ta kan shinge yana sosa ƙeya.

"Uwargida Jadwiga, gaskiya dusar ƙanƙarar da nake kwashewa daga hanyata, nan nake watso ta. Ta kai ƙirjina. Na ga ba kowa."

"Bargo ka yi musu," in ji ta. "Ɗaya ya zubar, ɗaya ya binne. Da kun iya aiki da na rasa su."

Ta sunkuya iyakar yadda ƙugun ya bari, tana bin ganyen da ido. Ba su da yawa.

"Za su yi fure bana, Mama?"

"Waɗannan? Sai sun shekara biyu, wataƙila uku."

Na zuba mata ido. Ta haura tamanin, kuma duk mun ji abin da likita ya ce game da zuciyarta.

"Daina kallona haka," ta ce. "Dole in daure. Wa zan bar wa su, kai?"

Ta gyara zama, ta miƙa sandar tana nuna mini ciyawar da zan cire, ɗaya bayan ɗaya, har rana ta yi sanyi.