Tsuntsun Baba Mai Walda

"Inna, ba nan ba ce hanya!" ɗan kwamiti ya yi ihu, yana busa usur kamar zai haɗiye shi.

Inna Tela ko kallonsa ba ta yi ba. Ita ce ke gaban tawagar unguwarsu a bikin titi na shekara, bayanta mutum arba'in sun sha ado, takwas na ɗauke da ƙaton tsuntsu na waya da yadi. Saura su sha kwana ɗaya su isa rumfar alƙalai. Doka kuwa a fili take: tawagar da ta kauce hanya ta fita gasa, baɗi ma ba ta shiga.

To, sai me? Shekara talatin Baba Mai Walda, maƙwabcinta, yana ƙera ƙashin tsuntsun, ita tana ɗinka masa gashi. Da can ta bakin lungunsu ake wucewa. Bana masu kwamiti suka ce lungun ya yi ƙazanta, ba ya kyau a hoto. Ji min mutane! Ga Baba kwance tun watan jiya, ƙirji ya ƙi. Da safe 'yarsa ta leƙo ta katanga ta ce, "Inna, likita ya ce a bar shi a gida kawai. Shi kuma sai tambaya yake ko an ɗaure fiffiken hagu."

Inna ta juya ga tawaga. "Wanda ke son kofi, ga hanya nan. Ni wajen Baba za ni."

Mai babbar ganga ya share gumi. "Inna, wata shida fa muna gwaji."

"Na sani, ɗan nan. Ni na ɗinka rigar da ke jikinka."

Mai gangar ya sauya kiɗa ya bi ta. Sauran suka biyo.

Ɗan kwamiti ya sha gabansu. "Wannan abin ba zai ma shiga lungun ba!"

"A ciki aka haife shi," in ji Inna. "Matsa."

Gaskiyarta. Baba bai taɓa yin fiffike ba sai ya auna lungun da igiya, ya rage yatsa huɗu kowane gefe. Tsuntsu ya shige sumul, yana shafar igiyoyin shanya, mata na janye bokitai.

'Yar ta buɗe taga, ta tallafo kan mahaifinta da matashi. Ya rame ƙwarai, har Inna ta ji zuciyarta ta karye, amma ta daure ta ɗaga hannu. Masu ɗauka suka ja igiya, fukafukan suka buɗe iya faɗin lungu.

Baba ya daɗe yana kallo. Leɓensa ya motsa, Inna ta matsa jikin ƙarfen taga.

"Na hagu ya karkace," ya ce.

"Kai dai ba ka da godiya, tsohon nan! Tashi ka gyara mana."

Ya yi 'yar dariya da ta koma tari. Aka tsaya ana masa kiɗa a hankali, har 'yar ta ce ya yi barci. Kafin la'asar ya cika.

Washegari takardar kora ta iso daga kwamiti. Inna ta karanta, ta ninke ta huɗu, ta tokare ƙafar keken ɗinkinta da ke rawa. Sannan ta yafa mayafi ta shiga gidan makoki. A ƙarfen tagar Baba, gashin tsuntsu ɗaya shuɗi ya maƙale, ba wanda ya cire shi.