Ɗaliban da Suka Maƙale a Silin

Daren jiya wani mafarki ya ziyarce ni, kuma ni ba mai tsoron mafarki ba ne. Shekara ashirin da shida ina koyar da lissafi a firamare, ban taɓa cewa "Kun gane?" aka ce mini a'a ba. Mai irin wannan tarihi, me zai razana shi?

Na tsinci kaina a ajina, sai dai ajin yana tsakiyar kogi, kifaye na leƙowa ta taga. Ruwan sama daga ƙasa yake tashi, don haka kowa ya riƙe lemarsa a juye. Hedimastan talotalo ne, da tabarau da jan biro a fiffike. Muka gaisa, ya tambayi iyali.

Na cika allo da rabi da sulusi da rubu'i, na kaɗe hannu, na juyo.

"Kun gane?"

"Mun gane, Malam!"

Ba su rufe baki ba sai 'yar autata Hansatu, da ke bencin gaba, ta fara tashi sama kamar balan-balan. Na yi wuf na cafke ƙafarta.

"Dokar garin nan ce," in ji talotalo. "Wanda ya ce ya gane alhali bai gane ba, nauyinsa tafiya yake yi. In kansa ya taɓa silin, ba ya saukowa."

Na ɗaga kai. Silin cike yake da mutane, wasu da gemu, wasu da goyo, duk cikin kayan makaranta. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibaina ne.

"Baba, hannunka yana zamewa," in ji Hansatu.

Na sake maimaita darasin da ƙarfi, don maganin da na sani ke nan. Yarinyar da ladabi, ta ce, "Na gane, Baba." Ta ƙara yin sama, ta bar ni da takalminta a hannu.

Sai ga ajin a bayan motar tumatir, muna sheƙa gudu. Talotalo ya sa baki ya ɓalle kabad ɗin da na kulle kwamfutocin hannun da aka kawo mana bara a ciki, don kada yara su mai da mini aji gidan kallo. Ya cilla wa Hansatu ɗaya.

Hoton kankana ya fito, da mutum uku suna jira. Ta ja yatsa ta raba biyu. Na ukun ya harɗe hannu ya ɓata rai. Ta yi dariya, ta goge.

"Ke, ki matsar da yankan hagu!" in ji ƙawarta Larai daga ƙasa.

Ta sake yankawa, kashi uku daidai. Ta sauko kamu ɗaya. Sauran yaran suka ɗauki nasu, aji ya kaure da gardama. A babban allo amsar kowa na fitowa gefen sunansa, na ga yara ashirin da tara sun tuntuɓe a sulusi. Ban taɓa sanin inda suke faɗuwa ba sai ranar. Na bar rabi da rubu'i, na tsaya a nan, suna yanka ina tambaya, har tafin ƙafar Hansatu ya taɓa siminti.

Ina cikin murna sai wata murya ta sauko daga sama. Sallau ne, ɗalibina na shekarar farko, gemunsa har ya fara furfura.

"Malam, mu fa?"

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji a farke ba.

Ƙarar bokiti a bakin famfo ce ta tashe ni. Ko karyawa ban tsaya yi ba, na nufi makaranta. Na Sallau ya riga ya wuce, amma yara arba'in da biyu ne a ajina na bana, kuma har yanzu ƙafafunsu na ƙasa.