Gwangwanin Yaya

Inna ba ta auna shinkafa da lissafi, da suna take aunawa. Za ta zauna a kan 'yar kujerarta a bakin kicin, ta cusa tsohon gwangwanin madara cikin buhu, ta share bakinsa da yatsa, ta juye a roba tana faɗa a fili kamar malama mai kiran suna a aji: "Nawa. Na Auta. Na yayanki."

Ni ce Auta. Yaya kuwa direban babbar mota ne, ya fita da kaya wata safiya, aka tsinci motar a gefen hanya, ƙofa a buɗe, takalminsa ƙafa ɗaya a ƙasa. Ba gawa, ba waya, ba wanda ya kira ya nemi wani abu. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Matarsa ta jira iya jiranta ta koma gidansu, kuma ban ga laifinta ba. Inna ce kaɗai ba ta gaji ba. Kullum da yamma sai ta zuba abincinsa a kwanonsa mai murfi, ta ɗora cokali a kai, ta ajiye a kan teburin da ke kusa da ƙofa. Da safe ta ɗumama ta miƙa wa dattijon da ke share layinmu.

"Abin da na ba wani a nan, wani zai ba nawa a can," haka take cewa, kuma ba ta son a ja maganar.

Lokacin da abinci ke da sauƙi ban damu ba. To amma tsada ta zo ta kama mu a wuya. A gidan burodi nake aiki, ni ke zura burodi a leda tun yana ƙona yatsa, albashin kuwa ya tsaya cak tun zamanin da Yaya ke gida. Kasuwa ce dai ba ta tsaya ba. Abin da ka saya yau, jibi in ka koma sai mai kaya ya dube ka da tausayi kafin ya faɗi sabon kuɗin, kai ka ce gaisuwar mutuwa zai yi maka.

Babu dabarar da ban yi ba. Na daina zuwa kasuwa da safe, sai dab da tashi, lokacin da masu tumatir ke neman wanda zai raba su da wanda ya fara laushi. Na koma sayen karyayyar shinkafa, in zauna in tsince tsakuwa har idona ya yi ruwa. Nama ya zama ƙashi, ƙashi ya zama kan busasshen kifi, daga baya kifin ma sai dai mu gaisa da shi in na wuce rumfar. Man girki da cokali nake zuba shi kamar maganin tari. Burodin da gefensa ya ƙone, wanda a da muke ba almajirai, ni na fara riga kowa ɗauka, har abokan aikina suka sa min suna Hajiya Ƙonanne.

Duk wannan ƙuƙumin, in na shigo gida da magariba abin da zai fara tarbata shi ne kwanon nan a bakin ƙofa, da ɗuminsa, cokali a kai. Wallahi wani lokaci sai in ji kamar akwai mutum zaune a gefensa yana jiran in wuce ya buɗe. Nakan kama kaina ina rage murya a wajen. In babbar mota ta yi ƙaho a titi, Inna takan tsaya da abin da take yi, ta karkata kai.

Ranar da mai awo ya ƙara wa karyayyar shinkafar ma kuɗi, na ce masa, "Haba Baba, wannan da kaji ke ci?"

Ya ce, "'Yata, ai kajin ma sun daina samu."

Na dawo gida raina a ɓace, na dire ledar a gaban Inna.

"Inna, gwangwani uku ya fi ƙarfinmu. Mu biyu ne a gidan nan. Don Allah ki rage ɗaya."

Na shirya wa faɗa, na shirya wa kuka. Sai ta dube ni kawai ta ce, "To, Auta. An rage."

Kuma ta rage ɗin. Ina kallo daga ɗaki, gwangwani biyu take juyewa a roba. Abu ɗaya ne ya canza: ta daina kiran sunayen a fili, leɓenta kawai ke motsi. Na ɗauka nauyin abin take ji, sai na kawar da kai. Kwanon ma ya bar bakin ƙofa. In na dawo daga aiki nawa na rufe a kicin, in ce, "Inna, kin ci?" ta ce, "Tun ɗazu." Har daɗi na ji, buhu ya fara kai mu ƙarshen wata.

Zaninta ne ya fara tona asiri. Da can da ƙyar bakinsa ke haɗuwa, sai ga shi tana ɗaurawa tana soke ragowa. In ta miƙe daga kujera sai ta dafa bango. Na ce mu je a duba ta, ta ce tsufa ne, wa ya taɓa kai tsufa asibiti?

Wata safiya na fita na manta katin aikina, na juyo daga bakin titi. Dattijon mai shara na zaune a kan dakalinmu, tsintsiyarsa a jingine, yana cin shinkafa a kwanon Yaya.

"Sannu 'yar Inna," ya ce, bakinsa cike. "Allah ya saka wa tsohuwar nan. Ko sau ɗaya ba ta taɓa fasawa ba."

Na shiga ɗakinta ban ko yi sallama ba. Tana kan tabarma, gabanta kofin ruwan zafi da ɓawon ƙonannen burodi. A bayan akwatinta na ga zagayen da gindin kwano ya bari a kan siminti, ashe a nan ne take ɓoye shi ya kwana.

"Inna, gwangwanin wa kika rage?"

"Kin ce in rage ɗaya."

"Na wa kika rage?"

Ta gyara ɗankwali. "Ni ina gida, Auta. Ko ruwa na sha ya ishe ni. Shi wa ya san inda yake?"

Ni dai bakina ba shi da linzami in raina ya ɓaci, kowa ya sani. Na ce za ta kashe kanta a kan kwano. Na ce ni nake ƙona yatsuna, ni nake tsintar ruɓaɓɓen tumatir kamar akuya. Sannan na faɗi kalmar da ba a taɓa faɗa a gidan nan ba.

"Inna, wanda ya mutu ba ya cin shinkafa!"

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ɗin. Ta ɗauki ɓawon burodinta ta tsoma a ruwa, ta ce, "Za ki makara."

Ranar ban san abin da na zura a leda ba. Da aka tashi ban hau mota ba, na taka da ƙafa har kasuwa, na haɗa kuɗin motar na ce wa mai awo ya ƙara min shinkafa, mai kyau, ba karyayya ba. Na yanke a raina gwangwani uku za a koma, ko da zan riƙa zuwa aiki a ƙasa har takalmina ya cinye. Ta ci nata, ta ajiye nasa, kowa ya huta. Na shigo na ajiye ledar a kicin, ta riga ta kwanta, fuskarta a bango.

Washegari ranar hutuna ce. Na fito na tarar da ita a bakin kicin, ta yi wanka, ta shafa mai, fuskarta wasai kamar ba ita ba. Ta ci burodi biyu da shayi a gabana, har tana neman ƙarin sukari. Ya kamata in yi murna, amma na kasa.

"Yayanki ya zo min a mafarki," ta ce, tana juya cokali a kofi. "Ya yi ƙiba, Auta. Kayansa fari tas. Na miƙa masa kwanon, ya yi dariya ya mayar da murfin, ya ce, Inna, ki ci abinki, ni na ƙoshi."

Na ajiye kofin shayina. Duk tsawon lokacin nan ina ganin ni ce mai hankali a gidan, ni ce na haƙura. Ashe ƙarya nake yi. Muddin tana zuba masa abinci, ni ma a raina yana kan hanya, wata rana zai turo ƙofa ya ce me aka dafa.

Da rana ta yi, sai ta jawo kujerarta ta buɗe sabuwar shinkafar da na sayo. Ta yaba kyanta, ta ce rabon da ta ga mai tsawo haka har ta manta. Ta cusa gwangwani, ta share bakinsa da yatsa.

"Nawa," ta ce a fili. Ta sake cikawa. "Na Auta."

Ta jefa gwangwanin cikin ledar ta fara ƙulle bakinta.

Na durƙusa na riƙe hannunta. "Inna, akwai shinkafa. Na sayo da yawa. Don Allah ki ƙara ɗaya."

Ta dube ni da idanunta da suka bushe, ta zare hannunta a hankali, ta shafa kaina.

"Wa zai ci, Auta?"

Ta ɗauki robar ta nufi famfo, na ji ta kunna ruwa.