Rediyon Motar Malama Baraka

Shekara ashirin Malama Baraka tana karɓar haihuwa a Ɗanzomo, kuma kowa ya san tsohuwar motarta, wadda mijinta Ishaƙ ya rasu ya bari. Ranar wata Laraba babban ɗanta Zayyad ya karɓi makulli, wai zai kai motar Gumel a yi mata juyen mai. Da azahar ya dawo yana murmushi, kiɗa na tashi har gilasai na karkarwa.

Ta leƙa ciki. Inda tsohuwar rediyo take, an kafa wata mai fuska kamar waya, sai walƙiya take yi.

"Tsarabarki ce, Umma," in ji Zayyad.

"Ina tawa?"

"Wannan gwangwanin? Ai kaset ma ya maƙale a ciki, ba ya fita."

Sai da ta dafa ƙofar motar. Kaset ɗin nan muryar Ishaƙ ce, saƙon da ya aiko mata daga Agadas lokacin yana jan babbar mota. Shekara shida tana saurarensa a hanyar aiki, ita kaɗai, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

"Wa ya aike ka? Motarka ce? Na ce maka ta dame ni?"

Ta fizge makullin, ta ce ya shiga. Suka kama hanyar Gumel, wurin wanda ya haɗa rediyon.

Sha'aibu mai haɗa rediyon mota yana kan benci yana ɓarar gyaɗa. Ko miƙewa bai yi ba.

"Hajiya, ai gata muka yi miki. Irin waccan tsohuwar yanzu sai 'yan gwangwan."

"Gata? Ka cire kayan mutane ka jefar, sannan ka kira shi gata? Tashi ka nemo mini!"

A ƙarƙashin matattun batura aka samo tsohuwar rediyon. Ashe da sukundireba Sha'aibu ya ɓamɓaro kaset ɗin, zaren ya zubo ya tsinke, ya jiƙe da baƙin mai. Baraka ta tsaya a kan Sha'aibu, duk wanda ya kawo mota ta ce ya dawo gobe. Sha'aibu ya yanke wurin da ya lalace, ya liƙe da salatif, ya naɗe zaren da biro, ya mayar da rediyon gurbinta, ya saka kaset ɗin yana gumi.

Muryar ta fito a dishe: "Baraka, ina gaida ke da kyau. Ki faɗa wa Zayyad..." Sai ƙaras, ta tsallaka kan zancen tsadar gero.

Zayyad bai taɓa jin wannan saƙo ba.

"Umma, me ya ce a faɗa mini?"

"Da ka tambaye ni da safe, da ka ji da kunnenka."

Ta ɗora masa sabuwar rediyon a cinya, wayoyi na reto, ta tayar da mota.